Daga 'sheƙa ruwa' zuwa 'sheƙa dariya': Kalmomin danshi da na raha a Madaoua, Bouza da Keita

A ƙarshen watan Mayu, idan hadari ya haɗo daga gabas a kan kwarin Tarka, mutum biyu kan ɗaga kai su dube shi, kowa da abin da ke ransa.

Manomin hatsi da ya gama sharar gona a kan jigawa yana fatan ruwan ya sauka da ƙarfi, ya ratsa ƙasa har ta yi danshin da za a iya shuka a kai. Maƙwabcinsa kuwa, wanda ya cika rudu da albasa yana jiran farashi ya tashi, gabansa ne ke faɗuwa, domin wannan danshin shi zai shiga rudun ya fara ruɓar da abin da ya kwashe watanni yana yi wa ban-ruwa.

Kalma ɗaya ce a bakinsu, amma ɗaya alheri yake nufi da ita, ɗaya kuma asara. Haka abin yake a gundumomin Madaoua da Bouza da Keita na jihar Tahoua a Jamhuriyar Nijar, inda ruwan shekara guda yake tsayawa tsakanin milimita 300 zuwa 500, kuma kusan dukkansa cikin wata uku yake sauka. Mutanen da ke zaune a irin wannan ƙasa ba sa yi wa jiƙewa suna ɗaya. Akwai danshi, akwai laima, akwai raɓa da ni'ima da sanyi da gumi, kowace da inda take zama.

Haka nan suke yi wa wasa. Raha daban, ba'a daban, barkwanci da zolaya da gatse da habaici kowanne da iyakarsa. Kuma rukunan nan biyu suna aron kalmomi a wurin juna. Wanda ya kasa bambance na farko, albasarsa ce za ta ruɓe. Wanda ya kasa bambance na biyu, musamman yanzu da hirar 'yan gida da 'yan ci-rani ta koma waya, zai iya rasa aboki, ko ma ya wayi gari a gaban alƙali.

Yadda ruwa ke sauka, haka dariya ke sauka

Duk wanda ya saurari hirar majalisa zai ji cewa kalmomin da ake kwatanta saukar ruwan sama da su, su ne dai ake kwatanta dariya da su. Ana cewa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ana kuma cewa wane ya kece da dariya. Ana sheƙa ruwa, ana sheƙa dariya. Ruwa yakan ɓarke, dariya ma takan ɓarke a taro. Idan sun yi yawa, duka biyun jira ake yi su tsagaita.

Fuska ma sararin samaniya ce a bakin Bahaushe. Hadari yana haɗowa, mutum yana haɗe rai, har a ce fuskarsa kamar hadarin gabas. Idan ruwa ya ɗauke sai gari ya washe, idan fushi ya wuce sai fuska ta washe, mai murna kuma ya washe baki.

Sai dai akwai wadda ta saɓa wa sauran. Dariyar da ta fi kowace ƙarfi, wadda ke hana mutum motsi, ita ce ake cewa ya bushe da ita. Ke nan dariya takan fara kamar ruwa, ta ƙare da bushewa, kuma babu mai jin Hausa da wannan ya taɓa rikitawa.

Turawa ma daga ruwa suka samo tasu

Ɗaliban da suka yi lakwal a Nijar sun san wahalar kalmomi uku na Faransanci masu kama da juna: humeur, wato yanayin ran mutum, da humour, wato barkwanci, da humidité, wato danshin iska. Kamar ba ta banza ba ce. Dukkansu daga tushe ɗaya suka fito a Latin, wanda ke nufin ruwa-ruwa ko jiƙewa.

Likitocin tsohuwar Girka, tun daga Hippocrates har zuwa Galen, sun ɗauka cewa ruwaye huɗu ne ke gudana a jikin ɗan Adam, kuma su ke tsara lafiyarsa da halinsa: jini, da majina, da rawayar ɗaci ta matsarmama, da baƙar ɗaci. Jini zafi ne da danshi, majina sanyi da danshi, rawayar ɗaci zafi da bushewa, baƙar kuwa sanyi da bushewa. Wanda ɗaya ya rinjaya a jikinsa, halinsa ya karkata can.

Daga nan kalmar ta yi ta sauya ma'ana a Ingila. Da farko ruwan jiki take nufi, sai ta koma hali, sai ta koma baƙon hali mai ba mutane dariya irin wanda ake nunawa a wasan kwaikwayo, a ƙarshe ta zama ban dariyar kanta. A ƙarni na 18 Faransawa suka sake aro ta daga Ingilishi da sabuwar ma'anarta, shi ya sa suke da biyu a yau.

Wannan ilimin bai tsaya a Turai ba. An fassara shi zuwa Larabci, Ibn Sina ya tsara shi a littafinsa Al-Ƙanun wanda ya kammala a 1025, kuma ta littattafan ɗibbu ya iso zaurukan malaman ƙasar Hausa da sunayen damu da balgam da safra'u da sauda'u. Likitancin zamani ya ajiye wannan ra'ayi tun ƙarni na 19, amma ko ba a buɗe littafi ba, maganar yau da kullum tana auna hali da irin wannan ma'auni. Akwai mai zafin rai da mai sanyin hali. Akwai mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Akwai ɗanyen kai da ɗanyen aiki da ɗanyen hukunci, akwai kuma farin jini da baƙin jini.

Ƙasar da ta san darajar danshi

A duwatsun Adar, inda Bouza da Keita suke, danshi abu ne da aka yi wa aikin ƙarfi kafin a same shi. Farin shekarun 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya bar tuddai tsirara. Ƙasa ta koma faƙo, ruwan sama ya riƙa gangarowa da gudu yana yanka kwazazzabai, ya wuce bai jiƙa komai ba.

A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya da ke yankin Bouza, domin su kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa tana busar da shuka. A 1984 kuma aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, ƙarƙashin kulawar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, yayin da Shirin Abinci na Duniya ke biyan ma'aikata da abinci. An jera duwatsu a kan tuddai, an haƙa ramuka a jikin tsaunuka, an gina madatsai a ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa.

Mafi yawan waɗanda suka yi aikin mata ne, saboda maza sun tafi bida. Da yawa daga cikin matasan Keita da ke Yamai ko Abidjan ko Tripoli a yau, iyayensu mata ko kakanninsu ne suka ɗauki duwatsun nan a ka.

Manufar duka ɗaya ce: a rage wa ruwa gudu har ya samu lokacin nutsewa. Ita ce kuma hikimar tassa, ƙananan ramukan da manoman jihar Tahoua ke haƙawa a faƙo su zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya bi hudar. Ita ce hikimar rabin-wata, shingen ƙasa mai siffar jinjirin wata da ke buɗe baki ga gangare.

Shi ya sa manomi a nan ba ya tambayar ko an yi ruwa kawai. Yakan tambaya ko ya yi danshi. Yayyafin da ya kwantar da ƙura bai kai ruwan shuka ba. Masana yanayi a yankin Sahel kan ɗauki kimanin milimita 20 cikin kwana biyu ko uku a matsayin ruwan shuka, muddin dogon tsaiko bai biyo baya ba. Manomi kuwa hannu yake sawa ya tona, ya ga inda jiƙewar ta tsaya. Wanda ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, ya san kasadar da ya yi: idan ruwan farko ya zo kaɗan, irin zai tsiro ya mutu.

Ni'ima kuwa ta wuce danshi. Kalmar Larabci ce mai nufin baiwar Allah, amma a Hausa ta zama sunan sanyin da gari ke yi bayan ruwa, da lausasar fadama mai ciyawa. Idan aka ce ƙasa mai ni'ima, an haɗa yanayi da godiya a kalma ɗaya.

Ko a tsakiyar wahala bakin mutane bai mutu ba. Yunwar 1984 zuwa 1985 ta zo daidai lokacin da gwamnatin mulkin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hatsi ya daina shigowa daga kudu. Hausawan Nijar suka raɗa mata suna El-Buhari, wato 'yar Buhari, kamar yadda kakanninsu suka kira ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba. Sunan yana da ɗaci, yana kuma da zolaya, kuma ya riƙe tarihin shekarar fiye da takarda.

Mai gyara, mai ɓatawa

A fadamun Tarka da Majiya, albasa ce dukiya. Jar albasar da duniya ta sani da sunan Galmi daga wannan yanki take fita zuwa Ghana da Côte d'Ivoire da Benin da Togo. Yawanci a Maris da Afrilu ake cire ta, lokacin da ta cika kasuwa farashi ya faɗi. Wanda ya iya ajiye ta zuwa ƙarshen damina yakan sayar da ninki biyu ko uku, wani lokaci fiye.

Ajiyar kuwa yaƙi ne da danshi. Ana yanke ban-ruwa kwanaki kafin cirewa, a bar albasar ta sha iska har wuyanta ya bushe, sannan a zuba ta a rudu, ɗakin kara da ciyawa da ake ɗagawa sama da ƙasa domin iska ta riƙa ratsawa. Albasar da aka cika wa takin zamani ko aka cire ta da ruwa a jiki ba ta jure ajiya. Guda ɗaya idan ta ruɓe takan ja na kusa da ita, shi ya sa mai rudu ke shiga lokaci-lokaci yana tsincewa.

A cikin garin Madaoua, sana'o'i biyu da garin ya yi suna da su kallon danshi daban suke yi. Mai kilishi yana son busasshiyar iska da rana mai zafi, domin naman da aka shanya ya bushe kafin ya canja wari. Mai saƙar tabarma kuwa sai ta yayyafa wa kaba ruwa ta yi laushi, in ba haka ba karyewa za ta yi a hannunta.

Laima ita ce danshin da ba a gayyata ba, wanda ke hawa bangon ɗaki, ya shiga ƙasan rumbu, ya sa hatsi fumfuna. Wani abin dariya shi ne, abin da ake riƙewa a kare kai daga ruwa shi ma laima ne. Wannan ta biyun daga kalmar Larabci mai nufin tanti ta fito, ita ce kuma 'yan siyasa ke nufi idan suka ce sun tsaya takara a ƙarƙashin laimar jam'iyya.

Sanyi ya fi su duka yawan fuska. Akwai sanyin hunturu, akwai sanyin ɗaki mai laima, akwai ciwon sanyi wanda a bakin wani ciwon gaɓoɓi ne, a bakin wani kuma cutar al'aura ce, abin da kan sa ma'aikacin asibiti ya sake tambaya kafin ya rubuta magani. Sanyin hali yabo ne, sanyin jiki zargi ne, sanyin gwiwa kuma karaya.

Lafiya ma tana bin danshin iska. A watannin Fabrairu da Maris, danshin iska a Tahoua kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, kuma lokacin ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a ƙasashen Sahel, sai saukar ruwa ke karya shi. A Agusta danshin kan haura kashi 60, sanƙarau ya ja baya, zazzaɓin cizon sauro ya karɓi fage.

Ɗan Adar da ya fara sauka Abidjan ko Legas ko Accra da jikinsa yake koyon darasin. Ma'aunin zafi yana nuna 30, ƙasa da 40 ɗin da ya saba da shi a gida, amma gumi ya ƙi bushewa saboda iskar bakin teku ta riga ta ƙoshi da ruwa. Wanki ya kwana biyu a igiya, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, kilishin da aka aiko daga gida ya yi laushi. Gumin nan kuma shi ne dai kalmar da zai yi amfani da ita ranar da ya tura kuɗi gida, ya ce guminsa ne.

Matakan wasa

Kamar yadda yayyafi ya bambanta da ruwan shuka, haka kalmomin wasa suke hawa-hawa.

A ƙasa akwai fara'a da sakin fuska, waɗanda hali ne. Sai raha, hira mai daɗi da ba ta nufin kowa da komai. Sai barkwanci, wanda ke buƙatar gwaninta, labari ne ko magana da aka ƙulla domin a yi dariya. Shi ne sana'ar 'yan kama a da, shi ne kuma abin da ya ɗaukaka Yazi Dogo a gidajen rediyo da talabijin na Nijar, da marigayi Rabilu Musa Ibro a finafinan Kano.

Zolaya da tsokana suna da wanda aka nufa, yana wurin, yana kuma da damar ramawa. Ba'a kuwa wuƙa ce mai baki biyu: tsakanin abokai nishaɗi ce, daga babba zuwa wanda ba shi da bakin ramawa kuma cin fuska ce.

Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi. Yaro ya fasa tulu, uwa ta ce masa sannu da aiki. Murya ce kaɗai ke nuna cewa ba godiya ba ce. Shaguɓe da habaici jifa ne ba tare da kiran suna ba, mai kaza ya ji a jikinsa. Zambo yana kama suna, kuma makamin maroƙa da mawaƙan fada ne. A can ƙarshe akwai izgili, wanda babu sauran wasa a cikinsa sai raini, shi ne kuma malamai ke jan kunne a kai idan suna karanta Suratul Hujurat.

Ita kanta kalmar wasa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Akwai wasan yara, wasan ƙwallo, wasan kwaikwayo. Wanda ya yi wasa da damarsa sakaci ya yi. Idan aka sauya karin sauti kuma, sai a samu wasa wuƙa da wasa ƙwaƙwalwa da maroƙin da ke wasa ubangidansa. A Hausar yamma, wadda ake ji a Adar da Gobir da Sakkwato, ana kiransa wargi, kuma karin magana ya ce wargi wuri yake samu.

Zagin da ba ya zafi

Wurin da wargi ya fi samu shi ne tsakanin taubasai. Ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa, suna da izinin faɗa wa juna abin da wani ba zai iya ba. Haka kaka da jika: tsohuwa ta kira jikanta mijinta, ta kira jikanyarta kishiya. Haka matar wa da ƙanin miji.

Abin ya wuce gida ya shiga tsakanin al'ummomi. A Nijar akwai wasa tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, da Buzaye da Zabarmawa, da Fulani da Barebari, da Fulani da Arawa. A Najeriya akwai na Kanawa da Zazzagawa, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarbawa. Fulani suna kiran wannan dangantaka denɗiraagu. Ma'aikacin gwamnati Bazabarme da aka turo aiki Madaoua, ƙasar Gobir Tudu, tun ranar farko zai ji ana kiransa bawa, kuma ya san amsar da zai bayar. Wannan zagin shi ne marabarsa.

A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Watan farko na shekarar Musulunci, watan cika-ciki, shi ne lokacinta na musamman, inda taubashi ke tare taubashi yana neman kuɗin shara.

Sai dai al'adar tana da sharuɗɗa, su ne kuma ke hana ta zama zagi. Dole ɓangarorin biyu su san dangantakar. Dole a iya ramawa. Ba a fushi, ba a zubar da jini, kuma idan abokin wasa ya shiga matsala akwai haƙƙin taimako. Idan ya shiga tsakanin masu faɗa ya roƙi a bari, da wuya a ƙi jin maganarsa. Wanda ke son tsokana amma ba ya son a rama, shi ake yi wa karin maganar wanzami ba ya son jarfa.

Ba wanda zai ce wasa kaɗai ya isa ya raba rigima. Idan kaka ta yi, ciyawar arewa ta bushe, garkuna kan gangaro kudu zuwa fadamun da sauran danshi ya rage, sau da yawa tun manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba. Shi ya sa hukumomi ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara. A watan Nuwamban 2016, rikicin manoma da makiyaya a Bangui da ke gundumar Madaoua ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 18. Irin wannan yana buƙatar burtali da mashaya da shari'a mai adalci. Abin da wasa ke iya yi shi ne ya bar ƙofar magana a buɗe tsakanin mutanen da gobe ma kasuwa ɗaya za su ci.

Idan wasa ya shiga waya

Jihar Tahoua ta daɗe da suna wajen tafiya bida. Da kaka ta wuce, samari kan kama hanyar Côte d'Ivoire ko Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, wasu su dawo da damina, wasu su shekara goma. A yau zumuncin waɗannan gidaje a WhatsApp da Facebook da TikTok yake gudana, kuma a nan ne kalmomin ke fara zamewa.

Matsala ta farko ta rubutu ce. Hausar boko ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, yawancin masu waya kuma ba sa sa haruffa masu ƙugiya. Wanda ya ga an rubuta "jika ta jika jika" sai ya tsaya ya warware: jika ce, wato 'yar ɗa, ta jiƙa jikka, wato takardar sefa dubu. Fari na iya zama rashin ruwa, ko launi, ko farko, ko wanda budurwa ke yi da ido. Raɓa na iya zama wadda ke sauka da asuba, ko kusantar mai hali.

Waɗannan dariya kawai suke jawowa. Wadda ta fi haɗari ita ce gatse da ba'a, domin murya da fuska ne ke ɗauke da rabin ma'anarsu, rubutu kuwa ba shi da ko ɗaya. "Ka kyauta" a rubuce ba ta nuna ko godiya ce ko ƙorafi. Wannan na cikin abin da ya sa mutanen karkara da dama suka fi son saƙon murya, ko da sun iya rubutu.

Matsala ta biyu ta masu sauraro ce. A zaure, kowa ya san wane taubashin wane ne. A intanet, bidiyon da Bagobiri ya yi yana tsokanar Bazabarme zai kai ga dubban mutanen da ba su san akwai wata dangantaka ba, ciki har da yaran da aka haifa a Abidjan ko Kumasi, waɗanda ke jin Hausa amma ba su taɓa ganin an karɓi kuɗin shara ba. Wani zai ɗauka zagin ƙabila ne ya rama da zagi na gaske. Wani kuma zai fake da sunan wasa ya ci mutuncin mutanen da babu wasa tsakaninsa da su.

Doka ba ta tambayar ko taubashi ne. A 2019 Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna, amma a watan Yunin 2024 hukumomin mulkin soja suka maido da shi. Magana zarar bunu ce tun a da, balle yanzu da ake iya ɗaukar hotonta a ajiye.

A tona kafin a shuka

Dattawan yankin ba su bar wa matasa ƙamus ba, amma sun bar musu hanyar gwaji. Manomi ba ya zuba iri don ya ji ƙamshin ruwa, sai ya sa hannu ya ga zurfin danshin. Mai rudu ba ya rufe ƙofa ya tafi, yakan dawo ya duba. Tambayoyin da mai tsokana zai yi wa kansa kafin ya danna tura saƙo ba su fi waɗannan wuya ba: akwai wasa tsakaninmu? Zai iya ramawa? Su wa za su gani?

Iyayen da ke renon yara a ƙasashen waje kuwa, aikin da ke gabansu bai wuce su gaya wa yaro su wane ne taubasansa ba, da dalilin da ya sa tsohuwar da ke kiran waya daga Bouza take ce masa mijinta, tana kuma ƙorafin bai aiko da kuɗin cefane ba. Yaron da ya san amsar wannan tsokana ya san hanyar gida.

Idan watan cika-ciki ya kama, saƙonnin murya za su fara yawo tsakanin Keita da Abidjan, tsakanin Madaoua da Tamanrasset, kowa na iƙirarin shi ne ubangijin ɗan'uwansa, kowa na neman a biya shi kuɗin shara. Wasu za su tura jikka ɗaya ta wayar, wasu su ce sai sun dawo da damina.